Da Aka Bar Ni Ni Kaɗai a Lajnar Bani Malik

Bakina ne ya kai ni lajna. Ba ilimi ba ne, ba kuma girma ba, domin a unguwarmu ta Bani Malik akwai matan da suka fi ni duka biyun nesa ba kusa ba. Wata rana 'yata ta biyu ta dawo daga makaranta da ciwon kai, na tambaye ta, ta ce na'urar sanyaya ajinsu ta kwana goma ba ta aiki. Ajin a saman bene yake, ga zafin Jidda wanda ke dafa mutum yana tsaye. Na yafa abaya na nufi ofishin mudira, wato shugabar makarantar, na zazzage abin da ke cikina har malamai suka riƙa leƙowa. Kwana biyu aka gyara na'urar. Da shekara ta zagayo aka zo zaɓen iyayen da za su zauna a kwamitin makaranta, wanda kowa ke kira lajna, sai wata mata daga baya ta ce, "A sa mai bakin nan ta Maraɗi, ko ma huta da ita a waje." Aka yi dariya, aka ɗaga hannu, aka sa ni.

Makarantar tamu ɗaya ce cikin uku. Wasu 'yan kasuwa Hausawa ne suka haɗa kai suka kafa su, ɗaya a unguwar Safa, ɗaya a wurinmu, da wata ƙarama a hanyar Abhur. Babban kwamitin da ke riƙe da su duka a Safa yake zama, maza zalla, mu kuwa "na sama" muke ce musu. Su ke ɗaukar malamai, su ke zaɓen littattafai, su ke sa ranar jarrabawa. Kowane reshe kuma yana da lajnarsa ta mutum biyar. Tamu ta ɓangaren 'yan mata ce, don haka mu biyar ɗin mata ne.

Da farko na ɗauka an ba ni sarauta. Ban yi wata biyu ba na gane kurena. Aikinmu shi ne mu leƙa ban-ɗaki, mu ɗanɗana ruwan sha, mu zauna a bayan aji a kan 'yar kujerar da ba ta ɗaukar rabin jikina, mu saurari uwar da ke kukan motar makaranta tana makara. Sai mu rubuta, mudira ta mayar da shi Larabci, a aika Safa. Ba mu iya korar kowa, ba mu iya ɗaukar kowa, ko labule ba mu iya canzawa sai na sama sun ce to. Na sha yi wa maigidana mita a kan haka. Shi direba ne a wani gida a Abhur, sai ranar Alhamis yake dawowa, kuma ya iya sauraro yana cin tuwo. Ya kan ce, "To ai ido da kunne suka ce suna so. Ke ce kika ƙara musu da baki kyauta."

A shekarata ta biyu na sama suka aiko da wata doka. An ce a wani reshe an yi son kai wajen shari'ar wata yarinya, iyaye suka yi ƙorafi. Dokar ta ce daga yanzu, idan lajna za ta zauna kan maganar ɗaliba, duk wadda ke da dangantaka da yarinyar ta tashi ta fita. Babu wanda ya yaba wa dokar nan kamar ni. Na ce wannan ita ce magana, na ce da ma tuntuni. Na faɗa da ƙarfi, ina kallon sauran huɗun ɗaya bayan ɗaya.

Gaskiyar ita ce akwai haushi a cikin yabon nawa. Ni daga baya na zo Jidda, ni da maigidana da akwati biyu. Ba ni da goggo, ba ni da inna, ba ni da ko 'yar ƙauyenmu. Su kuwa sun yi shekara da shekaru suna auren juna, suna shayar da 'ya'yan juna. Idan ana biki, kowa yana da wurin zamansa tun kafin ya iso, ni sai na tsaya na duba inda ya rage. Ba su taɓa wulaƙanta ni ba, kada in ɗauki alhakinsu. Amma na san bambancin wadda aka gayyata da wadda ba ta bukatar gayyata, kuma abin yana mini ciwo.

Ba a daɗe ba maganar farko ta zo. Akwai wata dokar da ta ce ɗalibar da ta yi fashin makaranta fiye da kwanakin da aka ƙayyade, ba tare da dalili karɓaɓɓe ba, za a ba wata gurbinta, domin akwai yara da yawa a layi suna jira. Lajna ce ke sauraron iyaye ta rubuta shawararta, na sama su yanke. Yarinyar 'yar shekara goma sha uku ce, ta wuce adadin kwanakin har ta ninka. Idan aka cire ta, ba ta da wata makarantar zuwa. Takardun gidansu ba za su shigar da ita ko'ina ba sai irin tamu, kuma sauran rassan biyu hukuncin na sama ɗaya ne a kansu.

Muka zauna da hantsi a ɗakin malamai. Mudira ta karanta sunan yarinyar, sannan ta karanta dokar dangantaka, kamar yadda aka umarce ta. Shugabar lajnarmu wata dattijuwa ce haifaffiyar Jidda, iyayenta Hausawan Sudan ne, kowa Hajiya yake ce mata. Ita ta fara miƙewa.

"Kakar yarinyar nan da uwar mijina ciki ɗaya suka fito," in ji ta. "Ma'alesh, ku yi haƙuri, ni na fita."

Ta biyu ta gyara mayafi ta ce ita da uwar yarinyar nono ɗaya suka sha. Ta uku ta ce yarinyar takwararta ce, sunanta aka sa mata, ita ta yi mata wankan farko. Na juya ga ta huɗu, wata 'yar Chadi mai sanyin hali wadda na tabbata ba ta haɗa komai da su ba. Ta sunkuyar da kai ta ce ɗanta ne zai auri yayar yarinyar, an riga an kai gaisuwa. Ta bi bayansu ta ja ƙofa a hankali.

Na duba dama, na duba hagu. Kujera huɗu babu kowa, ga kofunan shayinsu ko hucewa ba su yi ba. Mudira tana nan, amma ita ba ta da bakin magana a hukuncin lajna, rubutu ne nata. Na ce mata, "Yanzu mi ke nan?"

Ta ce, "Yanzu ke ce lajna."

Aka shigo da yarinyar tare da kakarta. Tsohuwar tana dogara sanda, hannunta yana rawa. Yarinyar doguwa ce siririya, rigar makarantarta a goge tsaf kamar wadda ba ta taɓa fashi ba. Na tambayi tsohuwar abin da ya hana jikarta zuwa. Ta ce, "Sai haƙuri." Na sake tambaya, ta sake cewa sai haƙuri. Na juya ga yarinyar na ce ko ba ta da lafiya ne. Ta girgiza kai. Ko wata malama ce ta takura mata? A'a. Ko karatun ne ba ta so?

Nan ta ɗago kai da sauri. "La, khala. Ina so. Wallahi ina so."

Hausarta irin ta yaran da aka haifa a nan ce, tana jin komai amma in za ta mayar sai Larabci ya rigaye ta, shi ya sa take ce mini khala, wato inna. Ni kuwa raina ya riga ya ɓaci, ba da ita ba, da waɗanda suka gudu suka bar ni. Sai na sauke a kanta. Na ce akwai yara suna kuka a gida don ba su sami kujerar da take wasa da ita ba. Na ce in tana so, ƙafarta ce ba ta so? Na faɗi maganganu da yawa, har yau ina jin kunyarsu. Sai na dube ta da kyau. Tana tsaye ne, amma ba a tsaye cik ba. Tana ɗan lilo daga ƙafar dama zuwa ta hagu, a hankali, ba ta ma san tana yi ba. Na haifi huɗu, na san wannan lilon. Sai na lura da kafaɗar abayarta, wurin ya yi fari-fari, irin tabon da tumbuɗin jariri ke bari.

Na daina faɗan. Mudira ta turo mini takardar, tana da layi biyu, na shawara da na dalili. Na ce ba zan sa hannu yau ba. Ta ce mako ɗaya na sama suka bayar. Na ce na ji.

A bakin ƙofa na tarar da Hajiya tana jiran direbanta, na tare ta.

"Hajiya, kun kyauta ke nan? Ku huɗu kun san abin da ke gidan nan, kuka zame kuka bar ni ina yi wa ɗiyar mutane faɗa!"

Ba ta yi fushi ba. Ta kama hannuna ta ce, "Ke kika ce dokar ta yi kyau, ya ukhti, 'yar'uwata. Kuma ta yi. Mu in mun zauna, ko dai mu rubuta abin da ba za mu iya sake shiga gidan ba, ko mu rubuta ƙarya. Ke ki je ki gani da idonki. Mu bakinmu a ɗaure yake."

Washegari da safe na tafi. Gidan a hawa na uku yake, a wani lungu bayan shagunan masu gyaran taya. Yarinyar ce ta buɗe mini, da jariri goye a bayanta, da kwalbar madara a hannu. Da ta gan ni sai ta daskare. Na ce, "Matsa in shiga, ba kamu na zo yi ba."

Ɗaki biyu ne. A na farko tsohuwar tana zaune, ga littattafan makaranta a buɗe a kan tabarma, an danne shafin da cokali don kada fanka ta rufe shi. Ƙofar ɗaki na biyu a buɗe take. Na hango wata mata zaune a bakin katifa, ta juya wa ƙofa baya, tana kallon bango. Na yi sallama, ba ta amsa ba. Na sake yi, ko motsi. An tsefe mata kai an yi mata kitso mai kyau, kayanta wankakku ne, ga kwanon abinci a gefenta ba a taɓa ba.

Tsohuwar ta yafito ni na zauna kusa da ita. Ta ce tun bayan haihuwar nan 'yarta, uwar yarinyar, ta zama haka. Ba ta faɗa, ba ta duka, ba ta yi wa kowa komai. Amma ba ta magana, kuma ko an ɗora mata jaririn a cinya ba ta kallonsa. Mijin yana jan babbar mota zuwa garuruwa masu nisa, sai ya yi kwanaki bai dawo ba. Yayar yarinyar tana aikin gida a Safa, can take kwana. Ita kuma tsohuwar, ta miƙo mini hannuwanta biyu suna karkarwa, ta ce sau ɗaya jaririn ya kusa suɓuce mata, tun ranar ba ta sake ɗaukarsa a tsaye ba.

"Wa ya yi mata kitson?" na tambaya, don ban san abin da zan ce ba.

Ta nuna yarinyar da haɓa.

Sai ta riƙe wuyan hannuna da ɗan ƙarfin da ya rage mata. "'Yar nan, ki rufa mana asiri. In aka rubuta, malamai za su karanta, na sama za su karanta, matansu za su ji. Gobe a ce 'yata ta haukace. Ga yayar wannan ana maganar aurenta. Sunan nan in ya manne wa gida, ba ya fita."

Na so in ce mata ciwo ne kamar kowane ciwo, ba abin kunya ba ne. Na ma faɗa. Ta ce ta sani, amma unguwa ba ta sani ba. Ban iya musa mata ba, domin ni kaina na san irin hirar da muke yi a gidajen suna. Na ce mata babu abin da zai fita daga bakina. Yarinyar ta raka ni bakin bene, jaririn ya yi barci a bayanta. Na ce, "Ɗiyata, ki yafe mini maganganun jiya." Ta ce, "Ma fi shai, khala," wato ba komai, sai hawaye suka zubo mata, ta goge da gefen zanin goyon.

Na koma wurin mudira na ce ta rubuta a layin shawara: a bar yarinyar a gurbinta. Ta ce layin dalili fa? Na ce ta bar shi haka. Ta dube ni ta saman tabarau, amma ta aika. Kwana biyu takardar ta dawo, an ja jan layi a ƙarƙashin wurin da babu komai.

Ranar Alhamis maigidana ya dawo ya tarar da ni ina ta jujjuya takarda. Ya tambaye ni abin da ke gidan mutanen. Na ce ba zan faɗa ba. Ya ajiye lomar da ya ɗauko ya ce, "Ke? Ikon Allah. Bari in duba waje ko ruwan sama ake yi." Na harare shi. Na ce in yana son ya yi amfani, ya kai ni Safa, domin ranar ce na sama suke zama.

Ofishinsu a wani bene mai tsabta yake, mai lif. Mata ba sa shiga ɗakin taron, sai aka ajiye mini kujera a ɗan ɗakin da ke kusa, aka bar ƙofar tsakani a buɗe kaɗan. Maigidana ya zauna a bakin ƙofar. Ban ga fuskar kowa ba, muryoyi kawai nake ji da ƙarar kofunan shayi. Shugabansu wani dattijo ne mai taushin murya, ya gaishe ni, ya tambayi yara, sannan ya ce takardar reshenmu ta zo babu dalili.

Na ce, "Akwai dalili, Alhaji. Na je na gani da idona. Ba zan rubuta ba ne kawai."

"To ki faɗa mana a nan, ba sai an rubuta ba."

"A nan ma ba zan faɗa ba."

 Wani daga ciki ya yi magana da Larabci cikin sauri, na tsinci cewa in aka buɗe wannan ƙofar kowace lajna za ta zo da irinta. Shugaban ya mayar mini da Hausa, ya ƙara da cewa maganar mutumin gaskiya ce. Ya ce dokar an yi ta ne don kada a riƙa ɗaga wa wasu ƙafa a ɓoye, kuma ya ji labari ni ce na fi kowa goyon bayanta.

Nan jinina ya hau. Maigidana ya yi gyaran murya, na yi kamar ban ji ba. Na ce, "Alhaji, ku kuna nan Safa, ba ku san lungunan Bani Malik ba, shi ya sa kuka sa mu. Kun ce mu zame muku ido. Na duba ban-ɗaki na faɗa muku, kun yarda. Na ɗanɗana ruwa na faɗa muku, kun yarda, ba ku ce in kawo muku kofi ku sha ba. Yau na shiga gida na ga abin da ya fi ƙarfin ɗiyar shekara goma sha uku, sai yau ne idona ya lalace? Ba dangina ba ne. Ba ni da kowa a garin nan, ku tambaya. In ba ku yarda da ni ba, ku cire ni ku sa wadda kuka yarda da ita."

Na yi tsammanin zai yi fushi ko ya sallame ni. Sai na ji ya yi 'yar dariya, ya ce an gaya masa halina, bai ɗauka ya kai haka ba. Daga nan muryarsa ta canza.

"Hajiya, na yarda da idonki. Amma ina da tambaya ɗaya. Abin da kika gani ɗin, ya wuce? In mun bar mata kujerar, ranar Asabar da za a koma makaranta za ta zo ta zauna a kai? Domin in ba za ta zo ba, mun hana wata yarinyar ne kawai, ita ma ba mu amfane ta ba."

Duk tsawon hanyar Safa na shirya maganganu iri-iri, amma ban shirya wa wannan ba. Ni faɗan a bar mata gurbi nake yi, ban tsaya na tambayi kaina wa zai riƙe jaririn ba. Tsoro ya kama ni, domin na ga mutumin ya fi ni gaskiya, kuma na ga yarinyar tana suɓuce mini. Sai na ji bakina ya ce, "Za ta zo."

"Kin tabbata?"

"Na ce za ta zo."

Suka yi shawara ƙasa-ƙasa. Ya ce sun ba da wata ɗaya. In ta cika shi ba fashi, maganar ta mutu, ba za a sake tambayar dalili ba. In ta yi fashi ko na kwana ɗaya, halas, ta rasa gurbin.

A mota maigidana ya bari sai da muka wuce gada. Sannan ya ce, "To, mai lajna, kin yi alkawari da ƙafar wata. Yaya za ki yi?" Na ce ya kula da tuƙinsa. Amma kafin mu iso gida na riga na san amsar, don babu wata sai ita. Ni ɗinki nake yi a gida, ina sa wa abayoyi duwatsu da zare a bakin hannu, aikin allura ne, ko'ina ana yinsa. 'Ya'yana kuma duk sun isa makaranta.

Tsohuwar ba ta karɓa da sauƙi ba. Ta ce in aka ga ana kai jariri gidana kullum, za a tambaya. Na ce ba za a kai shi ko'ina ba, ni zan zo, ya zauna kusa da uwarsa ko da ba ta kallonsa. Ta ce in aka ga ina hawa benensu kowace safiya, shi ma za a tambaya. Na ce, "Inna, wa kika sani a Bani Malik da zai tare ni ya tambaye ni ina za ni?" Sai ta yi dariya har da tari. Mutum ɗaya ce ta gwada, wata maƙwabciyarsu, a kwana na uku. Na tambaye ta ko ita ce sabuwar mai gadin benen, ba ta sake ba.

Sharaɗi ɗaya na kafa musu. Da mijin ya dawo, na tsaya ta bayan labule na ce masa lallai ya kai matarsa wurin likita, ban da rubutun sha da ake ba ta. Ya yi ta kame-kame, na ƙi sakinsa har sai da ya sa rana. Ya kai ta. Sauƙin bai zo da wuri ba, sai da aka ɗauki watanni, amma ya zo.

Safiyar Asabar ta farko na isa tun kafin motar makaranta. Yarinyar ta shirya, ga jaka a kafaɗa, amma jaririn yana hannunta. Ta nuna mini yadda ake gwada zafin madara a bayan hannu. Ta nuna mini gefen da ya fi son a kwantar da shi. Ta ce in ya yi wani irin kuka mai sheƙa, ba yunwa ba ce, iska ce. Ni da na yaye huɗu na tsaya ina cewa to, to, domin na ga ba don ni take faɗa ba. Mota ta yi hon a ƙasa. Ta miƙo shi, ta fasa, ta sake miƙowa. Na karɓe shi na ce, "Yalla, tafi!" Ta sauka matakala uku ta dawo, wai ta manta ba ta ce mini uwarta ba ta shan shayi da zafi ba. Ta leƙa ɗakin uwar, ta sake sauka, ina jin takunta yana tsayawa a kowane hawa. Da aka tashi kuwa a guje ta shigo, ko takalmi ba ta cire ba sai da ta duba shi tun daga kai har ƙafa, kamar na ci wani abu a jikinsa.

Haka muka yi ta yi. Kullum sai ta dawo daga bene sau ɗaya ko biyu, kullum da abin da ta manta ba ta gaya mini ba. Mudira ta ce mini a aji ma jikinta ne kawai ke wurin, idonta yana kan agogo. Wannan ya dame ni fiye da yadda na nuna. Na samo mata kujerar, amma ban san yadda zan mayar da ita yarinya ba.

Wata safiya a mako na huɗu na tarar da gidan a hargitse. Ta makara, ta rasa littafin lissafinta, ga jarrabawa ranar. Tana ta ɗaga matasai tana mita da Larabci, tana cewa wata ƙawarta ce ta ara ba ta dawo da shi ba, kuma wallahi yau sai sun yi ta. Kakarta ta ce ta sha ko shayi ne, ta ce ba ta da lokaci. Jaririn yana kwance a tabarma yana wasa da ƙafarsa. Mota ta yi hon, ta sake yi. Ta tsallake shi, ta fizgi jakarta, ta ce, "Khala, matsa mini!" Na matsa.

Na tsaya a bakin ƙofa ina saurare. Hawa na uku, na biyu, na ɗaya, takun bai tsaya ko'ina ba. Ƙofar ƙasa ta buga. Na je taga na hango ta tana gudu, abaya tana tashi, tana ɗaga wa direba hannu, tun kafin ta shiga ta fara yi wa wata yarinya faɗa ta tagar motar.

Tsohuwar ta ce, "Ja'ira, ko sallama ba ta yi wa ɗan'uwanta ba."

Na ce, "Ba ta yi ba, Inna." Na ɗauki yaron na ɗora a kafaɗa, na juya wa tsohuwar baya don kada ta ga fuskata. Daɗi ne ya sa ni kuka, kuma na daɗe ban yi irinsa ba. Da motar ta sha kwana na goge idona, na je na ɗora ruwan madara.